Na'urar da Ta Kayar da Ni Sau Biyu

Jama'a, in kun ji wani wari-wari yana tashi daga shafin nan na yau, ku yi haƙuri. Ba tawadar jarida ba ce, ni ne.

Da sassafen nan na goya injin feshi na nufi 'yar gonar tumatirina da ke bayan gari, ina sanɗa kamar wanda ya saci akuya, don ba na son ko kare ya gan ni. Na bi ta lungu, na kewaye tashar masu babur, na tsallaka kwalbati. Sai da na kai bakin gona lafiya lau, sannan murfin injin ya ga dama ya fice. Ruwan magani ya kwararo mini tun daga ƙeya har cikin takalmi. Na zabura, santsi ya kwashe ni, na faɗi rigingine a kwarin kunya, injin a ƙasa ni a sama, ƙafafu na harbin iska kamar kunkurun da aka kifar.

Ban gama salati ba sai ga murya daga gonar da ke jikin tawa. Mai Faci ne, maƙwabcina a gida, maƙwabcina a gona, mutumin da Allah Ya jarrabe ni da shi ta fuska biyu.

"Farfesa! Kai ne da injin feshi, ko idona ne ya fara?"

Na ce, "Motsa jiki nake yi."

Ya ce, "To ai ganyen aka ce a fesa wa, ba manomin ba."

Ya zo ya kama hannuna ya tayar da ni, yana dariya har da riƙe ciki. Na san za ku tambaya, me ya sa dattijo kamata, mai iyali, mai tabarau, zai riƙa ɓuya don zai yi feshi a gonarsa ta halak? Ku gyara zama. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin ya faro ne a farkon ranin da ya wuce, ranar da aka gayyace mu, mu ƙananan manoma, zuwa harabar wani babban ofishi. Ba zan faɗi sunan ofishin ba, don ina son ci gaba da kwana a gidana. An kafa rumfuna, an jera kujeru, manya a inuwa, mu a rana, kamar yadda tsari ya tanada. Aka ce mu hallara da hantsi. Sai da inuwa ta juya, cikinmu ya fara kiran ciroma, sannan muka ji jiniya. Ayarin motoci ya shigo, aka buɗe ƙofa, Mai Girma Sarkin Almakashi ya sauko. Na sa masa wannan suna ne saboda girmamawa, domin tun da nake ban taɓa ganin bawan Allah da ya ƙware a yanka ƙyalle kamarsa ba. Ko rijiyar da ba ruwa ka ɗaura wa ƙyalle, zai zo ya yanka, ya yi jawabi, a tafa.

Abin da aka zo buɗewa kuwa wata na'ura ce. Dogon ƙarfe ne tsaye, a kansa wasu 'yan kofuna da ke juyawa in iska ta kaɗa, a gefe mazurari mai tarar ruwan sama, da faranti mai shan hasken rana, da wani ɗan akwati fari mai auna zafi da danshi. An kafa ta a tsakiyar harabar, dab da inda Mai Girma ke ajiye motarsa, an zagaye ta da furanni.

Aka ba Malamar Gona lasifika ta yi bayani. Yarinya ce 'yar siririya, sa'ar 'yata ta fari, ba ta da yawan magana amma in ta yi sai ka ji ta zauna. Ta ce ƙwari da cututtukan shuka ba haka kawai suke faɗowa ba, kowanne da irin yanayin da yake so. Tsutsar da ke huda tumatir zafi take so, in gari ya ɗau zafi sai ta yi ta hayayyafa. Cutar da ke ƙone ganye kuwa sanyi-sanyi take so da danshi, da raɓar da ke daɗewa a kan ganye ba ta bushe ba. Ta ce na'urar za ta riƙa auna yanayin yankinmu, in ta ga irin wanda wata cuta ke so ya haɗu, sai a turo mana saƙo a waya mu yi rigakafi tun kafin ɓarna ta bayyana.

Sai ta juya wajen manya ta rage murya ta ce, "Sai dai, ranka ya daɗe, da a cikin gonaki aka kafa ta, da ya fi..."

Ba ta ƙarasa ba mai gabatarwa ya karɓe lasifikar, ya ce Mai Girma yana da wani ƙyallen da ke jiransa a wani wurin. Aka yanka, aka tafa, aka ɗau hoto, aka watse.

Ni kuwa na koma gida da sabon addini. Kun san halina. 'Yan unguwa ba don na taɓa leƙa jami'a suke ce mini Farfesa ba, sai don tabarau da kuma wannan rubutun da nake damun ku da shi. To ga dama ta samu in nuna sunan bai faɗi ƙasa banza ba. Kullum da yamma in na zauna a bencin da ke gaban rumfar Mai Faci, inda muke taruwa hira, sai in zaro waya, in gyara tabarau, in yi gyaran murya, in karanta wa jama'a saƙon ranar kamar mai karanta labaran duniya.

Saƙon kuma kusan kullum iri ɗaya ne: an samu ruwa da danshi mai yawa a yankinku, a yi hattara da cutar ƙunar ganye, a yi feshi.

Ku tuna, tsakiyar rani muke. Rana tana dukan ƙasa har kwalta na narkewa. Ƙadangare ma sai ya nemi inuwa. Amma waya ta ce an yi ruwa.

Maman yara, wato mai ɗakina, ita ta fara magana. Tana shanya a tsakar gida na karanta mata saƙon, sai ta tsaya da rigar a hannu ta ɗaga kai ta dubi sama, fes, ko ɗigon gajimare babu.

Ta ce, "Malam, yau ma an yi ruwan?"

Na ce, "An yi."

"A ina?"

"A yankinmu."

"Mu kuma a wane yankin muke?"

Na yi mata murmushin da masu ilimi ke yi wa jahilai. Na ce, "Wannan ruwan kimiyya ne, ba kowane ido ke ganinsa ba. Can sama yake zuba, kafin ya iso ƙasa zafi ya shanye shi, amma danshinsa na nan."

Ta ce, "Allah Ya ƙara ilimi," ta ci gaba da shanyarta. Kayan kuwa kafin ta kai ƙarshen igiya na farkon sun bushe.

Gaskiya akwai abin da ya ƙara mini imani da na'urar, wato layin mai. Wanda bai taɓa noman rani ba bai san wannan azaba ba. Injin ban ruwa ba ya shan alkawari, mai yake sha. Sai ka ɗauki jarka ka je gidan mai ka tarar da layi ya miƙe kamar ranar hisabi. Ka yi ta tsayuwa, ka yi abota da na gabanka, ka san sunayen 'ya'yansa, ka ba shi shawara kan ciwon bayansa, in ka kai bakin famfo a ce mai ya ƙare. Alhali Mai Girma Uban Alkawura, wani babban ne shi ma, ya sha rantse mana a rediyo cewa mai ya wadata har ya yi yawa. Ina jin shi ma man kimiyya ne. To mutumin da ke cikin wannan hali, in waya ta ce masa an yi ruwa a gonarsa, ai ba zai tsaya musu ba. Na rage ban ruwa, na ƙara feshin maganin cutar ganye. Mai Faci da wasu maƙwabta suka bi sahuna, don ai Farfesa ne ya faɗa.

Muna can muna yaƙi da cutar da ba ta zo ba, tsutsa ta shigo ta ƙofar gaba ba sallama. Zafin da take so ya samu, ba wanda ya gargaɗe mu. Ta bi ganye ta yi masa zane, ta shiga 'ya'yan ta yi ɗaki da falo. Ka ɗauki tumatir ja jawur, ka juya shi, ka ga ƙofa. Ga ƙishirwa, ga tsutsa. Abin da na kwasa a gonar nan a ranin nan, da kyar ya cika kwandon da Maman yara ke zuwa cefane da shi.

Mai Faci ya daina yi mini magana na ɗan lokaci. In na kawo kekena faci sai ya ce gam ya ƙare.

Da abin ya ishe ni, na saka babbar riga na tafi ofishin nan da sassafe don in kai kuka. Mai gadi ya ce Mai Girma Sarkin Almakashi bai fara ganin mutane ba, in jira a harabar. Na nufi wajen na'urar, ina so in dube ta ido da ido. Ban ankara ba sai na ji yayyafi a fuskata. Na dubi sama, rana tarwai. Na dubi gefe, sai ga direban Mai Girma, ya naɗe ƙafar wando, tiyo a hannu, yana wanke mota yana 'yar waƙarsa. In ya ɗaga tiyon zai wanke rufin motar, ruwan sai ya yi tsalle ya zuba cikin mazurarin nan. Farin akwatin da ke auna danshi kuwa, a kansa ya shanya jiƙaƙƙen tsummansa.

Na matsa na yi masa sallama.

Na ce, "Ɗan'uwa, kullum a nan kake wanke ta?"

Ya ce, "Kullum, Baba, in dai Oga na gari. Ba ya son ƙura ko kaɗan."

"In ba ya gari fa?"

"Sai in huta. Motar ma a rufe take."

Nan take na tuna wani ɗan tsakani da saƙo ya canja, ya ce gari a bushe yake. Lokacin har na yi wa jama'a bayani a benci cewa iskar sama ce ta juya. Ashe Mai Girma ne ya tafi ƙasar waje taro kan yadda za a taimaki ƙananan manoma.

Jama'a, ku taya ni jinjina. A tarihi ana ba da labarin shugabanni masu albarka waɗanda in sun sauka a gari sai a yi ruwa. Mu namu ya wuce nan, domin nasa a rubuce yake, na'ura ta shaida. In yana gari damina, in ya yi tafiya fari. Wace ƙasa ce ta taɓa samun irin wannan baiwa?

Ina tsaye ruwa na ɗiga daga hulata sai ga Malamar Gona ta fito. Na tare ta na zazzage mata duk abin da ke cikina, har da wanda na tanadar wa Mai Girma. Ta saurare ni har na gaji.

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Tun ranar farko nake faɗa. An ce in aka kai ta gona ɓarayi za su sace, kuma baƙi ba za su gan ta ba. Na nemi a dakatar da saƙon, an ce sai kwamiti ya zauna."

"Kwamitin ya zauna?"

"Ya zauna. Ya kafa ƙaramin kwamiti."

Ban ga Mai Girma ba ranar. An ce yana ganawa.

Da yamma na hau bencin Mai Faci, ba zama ba, tsayuwa na yi a kai. Na ba da labarin tiyo da tsumma, jama'a suka yi dariya har wani ya faɗo daga kan tsohuwar taya. Daɗin dariyar ya ɗebe ni, na ɗaga hannu na yi rantsuwa a gaban kowa: in aka sake ganina na goya injin feshi saboda saƙon wannan na'ura, a canja mini suna. Na ce kakanninmu da suka yi noma ba waya, yunwa ce ta kashe su? Aka tafa mini. Mai Faci ya huce, ya ce gam ya samu.

A gida kuwa Maman yara ta jira na gama cin abinci, sannan ta ce tana da magana.

"Malam, daminar nan a raba gonar."

Na ce, "A raba kamar yaya? Ina raye za a ci gadona?"

"Ba gado ba ne. Kunyoyin gabas naka, na yamma nawa. Kai ka yi shawara da iliminka, ni in yi da nawa jahilcin. Bara da bana duk kai ke tuƙi, kuma ga inda muka sauka."

Na so in yi fushi, amma na tuna kwandon cefane. Na ce na yarda, kuma za ta gani.

Damina ta sauka, muka dasa tumatir, ya kama, ya yi kore shar. Ana nan sai labari ya zo cewa an ɗauke na'urar daga ofis. Wai Malamar Gona ta faki idon manya lokacin da Mai Girma ya sake tafiya taro, ta samu wani mataimaki mai ɗan imani ya sa mata hannu, ta tara matan da ke noma a wajenmu, har da tawa, suka ɗora ta a amalanke suka kai ta tsakiyar gonaki suka kafa. Ba rumfa, ba jiniya, ba ƙyalle. Wannan ma ya ƙara mini shakka. A ƙasar nan, abin da aka yi ba a yanka masa ƙyalle ba, anya an yi shi?

Malamar Gona ta zo har bencinmu ta yi mana bayani. Ta ce yanzu abin da na'urar za ta auna shi ne ainihin abin da shukarmu ke ji a jikinta. Jama'a suka juyo suna kallona, don ni ne shugaban 'yan adawa.

Na gyara tabarau na ce, "'Yata, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Mu kuwa tsumman ma mun gan shi da idonmu. Wannan na'ura maƙaryaciya ce."

Ta ce, "Baba, ba ta taɓa yin ƙarya ba. An zuba mata ruwa, ta ce an zuba mata ruwa. Inda aka ajiye ta ne ƙarya."

Magana ce mai kyau, na sani tun a lokacin. Amma mutum ya riga ya hau benci ya yi rantsuwa, ta ina zai sauko? Na ce, "Allah Ya ba da sa'a," na juya kai.

Kwanan baya gari ya canja. Rana ta ɓuya, sama ta yi lumshi, yayyafi ba ya tsayawa kuma ba ya zama ruwan kirki. Da safe in ka shiga gona raɓa ta jiƙa ka har gwiwa, kuma har azahar ganye bai bushe ba. Sai ga saƙo ya shigo wayar Maman yara, don ni na riga na toshe lambar. Ta miƙo mini. Kusan kalmomin nan ne dai na rani: danshi ya yi yawa, yanayin da cutar ƙunar ganye ke so ya haɗu, a yi feshin rigakafi ba tare da jinkiri ba.

Na yi dariya na ce, "Oga ya dawo ke nan."

Ta ce, "Malam, dubi sama fa."

"Na duba. Ki zo mu je ki dubi ganye."

Muka je. Na bi kunyoyina ina ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya kamar likita. Ko ɗigo babu. Na ce, "Kin gani? Lafiyayyen mutum ake kai wa asibiti?"

Ta ce, "An ce in ka bari sai ka gani da ido, ka makara."

"Haka masu sayar da magani ke cewa."

Da yayyafi ya ɗan tsagaita ta ɗauki injin feshin, ta ɗaure hanci da baki, ta bi kunyoyinta tsaf. Na zauna a gindin bishiya ina ba ta shawarar ta bar wa sauro saura. Can sai na hango Mai Faci shi ma ya goyo nasa, yana tafe yana sunkuyar da kai.

Na ce, "Haba! Har da kai? Ina tafin da ka yi mini?"

Ya ce, "Farfesa, kada ka ga laifina. Na bi ka sau ɗaya na sha kashi. Wannan karon matarka zan bi."

Na ce masa tarihi zai yi hukunci. Tarihin kuwa bai ɓata lokaci ba. Ba a jima ba na fara ganin wasu tabo masu ruwan ƙasa a gefen ganye, kamar an ɗiga musu ruwan zafi. Na ce tsufa ne, na tsinke su na jefar a ɓoye. Washegari sun ninka. Daga ganye abin ya gangara kara ya yi baƙi, daga kara ya shiga 'ya'yan, suka yi tauri suka yi tabo, gona ta fara wari. Ka tsaya a tsakiya ka duba yamma ka ga kore, ka duba gabas ka ga kamar an yi gobara. Iyakar ta fito tsaf, kamar an ja ta da zare. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Wannan shi ne dalilin sanɗar da na yi da sassafen nan, da faɗuwar da na ba ku labari. Ihu bayan hari na je yi, kuma ko ihun ban samu na yi ba.

Mai Faci bai gama kakkaɓe mini laka ba sai ga Maman yara tare da Malamar Gona, ashe sun yi alkawarin zagayen gonaki. Malamar ta dubi kunyoyina, ta dube ni, ta kawar da kai don kada in ga tana danne dariya. Yarinyar tana da tarbiyya.

Ta ce, "Baba, feshi ba zai tayar da wannan ba. Sai dai a tumɓuke a binne, in ba haka ba zai ci na Mama, ya ci na maƙwabta. Ka ga layinta na bakin iyaka har ya fara kamuwa."

Wannan maganar ce ta fi faɗuwar ciwo. Tawa asarar na saya da bakina, amma ban yi niyyar in shafa wa baiwar Allah ba. Na tuɓe rigar da ta jiƙe, na sunkuya na fara tumɓuka. Shukar da na rena tun tana iri, na yi mata rumfa, na dasa da hannuna, yau ni ke cire ta ina jefawa a rami.

Can na ji motsi a gefena. Maman yara ce ta ɗaure zani ta kama ɗaya kunyar. Na jira in ji "ai na faɗa maka." Shekarun da muka yi tare sun ba ta haƙƙin faɗar ta har sau goma. Ba ta faɗa ba.

Sai ta ce, "Malam, saki ranka. Na yamman ma ai tukunya ɗaya za su shiga."

Na ce wani abu ya faɗa mini a ido. Mai Faci, wanda shi ma ya shigo taya mu, ya ce ai maganin feshi haka yake, yana sa hawaye. Allah Ya saka masa, yau dai ya rufa mini asiri.

Da a nan ranar ta ƙare da na gode. Amma muna cikin binne ramin sai muka ji jiniya. Ashe labari ya kai ofis cewa na'ura ta ceci gonakin jama'a, kuma kun san manya, ba sa bari alheri ya wuce ba su tsaya kusa da shi ba. Ayarin motoci ya tsaya a bakin hanya. Mai Girma Sarkin Almakashi ya sauko, wani na riƙe masa lema, wani na shimfiɗa masa katako don kada laka ta taɓa takalminsa. Kafin ka ce kwabo an ɗaura wa na'urar ƙyalle, an sake buɗe ta. Ya yi jawabi, ya ce tun farko shi ya hango cewa a cikin gonaki ya dace a kafa ta. Malamar Gona tana can baya, an ba ta riƙon jakar wani.

Sai wani hadiminsa ya fara waige-waige, wai ana neman manomin da ya amfana, a ɗau hoto. Idonsa ya faɗa kan tabarauna.

"Kai, Baba, zo nan. Gonar nan mai kyau ta wa ce?"

Na ce, "Ta iyalina ce, ita ce ta..."

"Madalla, taka ce ke nan. Tsaya nan."

"Ranka ya daɗe, ni nawa ɓangaren..."

"Baba, Mai Girma ba shi da lokacin dogon labari. Yi murmushi."

Na waiwayi Maman yara ina neman ceto. Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa, ta yi mini alama da hannu in je. Aka ara mini rigar wani, aka tsayar da ni a tsakiyar kunyoyinta, aka juya bayana ga ramin da na binne nawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai Girma ya dafa kafaɗata ya ce da a ce duk manoma irina ne, masu jin shawarar masana, da ƙasar nan ta wuce haka. Kuma nan take, don nuna jin daɗinsa, ya naɗa ni shugaban sabon Kwamitin Wayar da Kan Manoma Masu Taurin Kai.

Aka tafa. Wanda ya fi kowa tafi Mai Faci ne.

To jama'a, ga inda aka kwana. In kuna da wani mai taurin kai a unguwarku, wanda ake ce masa ga hadari ya ce ƙura ce, ku turo mini shi, ƙofa a buɗe take. Mai Faci ya riga ya yi alkawarin ba zai rasa zama ko ɗaya ba. Wai zai riƙa zuwa da wuri ya zauna a gaba, ya saurari duk abin da zan faɗa da kyau, don ya je ya yi akasinsa. Ban yi fushi ba. Na zauna na yi nazari a matsayina na shugaba, na ga in duk manoman yankin suka bi wannan tsari nasa, bana tumatir sai an rasa inda za a zuba shi.